Tarihin Ɗurin Bindiga a Ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan 'yar maƙala tawa kalma ce guda ɗaya. Kwanakin baya ina zaune da waɗansu ɗalibai 'yan ajin farko, hira ta kai mu ga sana'o'in iyaye da kakanni, sai na ce kakana na wajen uwa ɗan bindiga ne. Nan take wuri ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai kamar na faɗi abin kunya. Sai daga baya na gane inda na yi tuntuɓe. A zamanin ƙuruciyata ɗan bindiga shi ne mutumin da ke barin wuta a gaban sarki ranar hawan Salla, ko ya buga bindiga don sanar da jama'a an ga wata. A kunnen yaran nan kuwa, ɗan bindiga shi ne wanda ya hana iyayensu noma.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Don haka na ga ya kamata in bi diddigin yadda ma'anar kalmar ta juya, ta hanyar duba wani ƙaramin abu da ba a cika kula da shi ba, watau ɗuri: wa ke haɗa albarushi da harsashin da ke shiga bindiga, a ina ake haɗa su, kuma wa ya san an haɗa. Zan tsaya a yammacin Zamfara, ƙasar Sarkin Zamfaran Anka da ta Sarkin Mafaran Gummi da ta Sarkin Dankon Bukkuyum, don nan aka yanke mini cibiya. Ina kuma roƙon mai karatu ya sani tun yanzu, tarihi nake bayarwa, ban zo koya wa kowa haɗin albarushi ba.

Zuwan bindiga ƙasar Hausa

Bindiga baƙuwa ce a ƙasar Hausa, kuma ta daɗe a matsayin baƙuwa. A Barno, Mai Idrisu Alooma yana da mayaƙa masu bindiga tun cikin ƙarni na 16. A Kano kuwa, littafin Tarihin Kano ya nuna an kawo bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), sa'an nan Babba Zaki (1768-1776) shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Mu lura, tun daga can kalmar ta fara da ma'anar bayin sarki, mutanen fada.

A daidai wannan zamani Zamfara tana cikin nata tashin hankali. Wajen shekarar 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa, sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ta zo ta zauna a Anka cikin ƙarni na 19. Yaƙe-yaƙen wannan lokaci da na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da suka biyo baya, doki da mashi da takobi da baka aka yi su. A Tafkin Kwatto cikin 1804 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir. Maharbin da ya san kwankwani, ya iya dafa dafin kibiya, bai ga abin da bindiga ta fi shi da shi ba, don kafin mai bindiga ya gama ɗuri ɗaya shi ya saki kibau masu yawa.

Akwai shaidar ido a kan haka. Baturen nan Kyaftin Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Gobirawa a Konya cikin 1826. Ya ba da labari cewa cikin dubban mayaƙan nan bindigogin da ke akwai ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, kuma masu riƙe da su in sun harba sai su sheƙa da gudu zuwa inda kibiya ba ta kaiwa, su tsaya su sake ɗuri. Duk wanda ya ji mutanenmu na kiran adaka harba-ka-ruga, to ga hoton abin tun shekara ɗari biyu da suka wuce.

Sarakunan da suka haɗa nasu

Matsalar bindiga a wancan zamani ita ce cinta. Bindiga ɗaya takan yi shekaru, amma albarushi kullum ƙarewa yake yi, kuma daga nesa yake zuwa, ko ta hamada a kan raƙuma, ko daga bakin teku ta hannun Nufawa da Yarabawa. Saboda haka duk sarkin da ya so ya dogara da bindiga, tilas ya koyi ciyar da ita da kansa. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu cikin 1884, ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma ƙera igwa a Zandar. Rabe, bayan ya ci Barno cikin 1893, ya ajiye masu gyaran bindiga da masu haɗa albarushi a Dikwa. Can yamma kuma maƙeran Samori Ture sun kai ga kwaikwayon bindigogin Faransa, kuma sojojinsa sukan tsince kwanson harsashi bayan an gama faɗa, a kai wa maƙera su sake cika shi. Ashe sake ɗurin kwanso, wanda a yau mutane da yawa a Amurka da Turai suka mayar abin sha'awa a gidajensu, a Afirka ta Yamma larurar yaƙi ce ta fara kawo shi.

Turawa sun lura da wannan. Cikin 1890 suka taru a Burasels, babban birnin Beljiyam, suka sa hannu a wata yarjejeniya da ta hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogi na zamani da harsashinsu, ta bar musu irin mai ƙanƙara da ake ɗurawa ta baki, da albarushin kasuwa. Irin wannan ce Turawa ke kira da sunan mutanen Denmak, saboda fataken ƙasar sun yi cinikinta a gaɓar tekun Ankara ta ƙasar Gana. Sakamakon yarjejeniyar ya fito fili ranar 15 ga Maris, 1903, a bayan ganuwar Sakkwato. Sojojin Ingila sun zo da bindiga mai ruwa, wadda ke iya zubar da harsashi 500 ko fiye a minti ɗaya. Mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru kuwa mafi yawansu takobi da mashi da baka suka riƙa.

Adaka ta koma hannun talaka

Da Turawa suka zauna, yaƙi ya ƙare, sai adaka ta sauka daga fada ta shiga ƙauye. Ta rage wa 'yan bindigar sarki don hawan Salla da tarbar baƙi, ta kuma zama kayan aikin maharba da manoman da gwaggon biri da mugun dawa suka dama. Maƙeranmu, waɗanda da can fartanya da galma da kan kibiya suka sani, suka koyi gyaranta, daga gyara suka kai ga ƙira. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindiga kashi uku: wadda aka haramta sam, da wadda mutum zai riƙe da lasisi, da kuma masu ɗuri ta baki irin adaka. Dokar ta kuma hana ƙera bindiga ko harsashi sai da izinin hukuma. A takarda ke nan. A ƙauye kuwa abin da ya fi takarda ƙarfi shi ne idon jama'a, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, don na gani da idona.

Abin da na gani a gida

Kakana maharbi ne a wani ƙauye tsakanin Bukkuyum da Anka, kuma in Salla ta zo yana cikin masu barin wuta a gaban hakimi. Kayan aikinsa kaf suna cikin burgami ɗaya da ke rataye a zaure: ƙahon albarushi mai toshiyar icce, da 'yar jakar dalma da gutsattsarin ƙarfe, da tsummokara, da sandar ɗuri tana maƙale a jikin bindiga. Albarushinsa ba shi yake haɗawa ba. Akwai wani tsoho a ƙauyen gaba wanda gidansu ne kaɗai suka gaji wannan aiki. Abin da kowa ya sani shi ne ana haɗa gawayi da farar wuta da wani irin gishiri da ake tacewa daga tsohuwar ƙasa, amma ma'auni da yadda ake sarrafawa sirrin gida ne, ko ɗan gidan ba a nuna masa sai ya yi hankali. Tsohon ya san kowane mai saye da sunansa da na ubansa. In baƙon fuska ya zo, sai ya ce babu.

Ranar da kaka zai fita daji, tun da asuba zai zauna a kan buzu ya yi ɗuri a natse, yana motsa baki da addu'a. In na matso sai ya ce, “Ja da baya, abokina, albarushi bai san jika ba.” Wata rana na bi shi fadama, na ga kurciyoyi sun cika wata ƙirya, na yi ta zungurinsa ya harba. Ya dube ni ya ce, “Ɗuri guda ag garan. In niɓ ɓata shi ga kurciya, mi kakakka za ta dahwa?” Muka yi ta zama har rana ta yi sanyi, sa'an nan ya samu gada. A lokacin haushi na ji. Sai da na girma na gane cewa mutumin da ɗuri ɗaya ke gare shi, wanda kuma ya san wahalar da aka sha kafin a same shi, ba ya ɗaga bindiga sai ya tabbata. Karin maganar nan da ke cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure, a bakin irin su kaka take da cikakken nauyinta, don wanda ya kuskure sai ya koma gida hannu rabbana.

Daɗin daɗawa, harbi ɗaya yana bi ta hannuwa da yawa. Maƙeri ya san bindigar, don shi ya ƙera ta ko ya gyara ta. Mai albarushi ya san nawa ya sayar. Sarkin baka, shugaban maharba, ya san wa ya shiga daji da wane yanki ya nufa. Mai gari ya san gidajen da ke da bindiga. In aka ji ƙara da dare, kafin hantsi an san ta wane ce, don kowace adaka da irin muryarta. Ban ce mutanen da waliyyai ne ba, an yi fashi a zamaninsu, an yi kisa. Amma wanda ya yi ɓarna da adaka da wuya ya ɓuya.

Kawuna, ɗan kakan nan nawa, shi ya kawo sabon salo gidan. Ya yi makaranta, ya zama malamin gona yana karɓar albashi, ya sayi bindigar Turawa mai baki ɗaya da lasisinta. Shi ba neman nama ya dame shi ba, sha'awa ce. Harsashi daga kanti yake sayo shi a Gusau ko Sakkwato. Da aka shiga tsuke bakin aljihu cikin 1982, a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka taƙaita shigo da kaya daga waje, harsashi ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, sai kawu ya fara tara kwanso yana sake cikawa. Mu yara yakan ba mu kwabo a kan kowane kwanson da muka tsinto masa. Ranar Lahadi da yamma sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera kwansuna kamar mai tallan ƙwai, ya buɗe wani littafin rubutu inda yake rubuta kowane ɗuri da ya yi da abin da ya samu da shi, ko dinya ce ko fakara ko kirinjijiya. Na lura ya fi jin daɗin wannan zama bisa ga fita dajin kansa. Kaka kuwa in ya wuce sai ya yi tsaki ya ce, “Ɗan boko, bindiga ma sai an rubuta mata?” Kawu ya yi dariya ya ce, “Baba, taku ai da ka kuke riƙewa, mu kanmu ya cika.”

Masu wannan sha'awa a ƙasashen waje suna da ma'auni mai auna ƙwayar albarushi daidai, da littattafan da masu yin albarushin suka buga don kada a zarce ƙima. Kawu da abokansa ido da ƙiyasi suka dogara da su. Wani abokinsa ya cika ɗuri fiye da kima, bindiga ta fashe a hannunsa, ya rasa yatsu biyu. Wannan ta sanyaya wa kawu jiki. Da gwamnatin soja ta fito da doka mai lamba 5 ta 1984 a kan fashi da makami da riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba, ya kuma tuna cewa lasisinsa na riƙe bindiga ne, bai haɗa da cika harsashi ba, sai ya tattara kwansunan ya zuba a masai, ya rufe littafin.

Dalma

Akwai wani ɓangare na wannan sha'awa ta kawu da ban ɗauke shi a bakin komai ba sai bayan shekaru wajen talatin. Dalmar da yake amfani da ita daga tsohon batirin mota yake ciro ta, ya narka ta a tsakar gida, kusa da inda mata ke surfe da girki. In 'yan ɗigo-ɗigo sun zuba ƙasa sun huce, mu yara mu yi wawa, don suna walƙiya kamar azurfa. Mun yi wasa da su, mun sa su a baki. Babu wanda ya hana mu, don babu wanda ya san akwai abin hani.

Cikin watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta lura yara ƙanana suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna amai suna sanƙarewa, maganin zazzaɓi kuma bai yi musu komai ba. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Kuɗin zinariya ya tashi a duniya, mutane suka riƙa kwaso duwatsu daga ramuka zuwa cikin gari, ana daka su ana niƙa su da injin niƙa, har a cikin gidaje, alhali duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannuwan yara. Dareta da Abare da Yargalma da Sunke da Tungar Daji da Bagega duk abin ya shafe su. Yara aƙalla 400 suka rasu, aka yi wa dubbai magani. A ƙauyuka biyu da aka bi gida gida ana ƙidaya, an samu yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya mutu cikin shekara guda. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a kai gare ta ba sai 2013.

Dalmar 2010 daga dutse ta fito, ba daga harsashi ba, kada a ce na haɗa abin da bai haɗu ba. Amma ƙarfen ɗaya ne, hanyar shigarsa jikin yaro ɗaya ce, kuma kuskuren ɗaya ne, watau shigo da aikin dalma inda yara ke rarrafe. Likitoci sun tabbatar babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa ko da ba ta kashe ba. Ran da na ji labarin Dareta, tabarmar kawu na tuna, na yi wa Allah godiya da ya sa abin namu kaɗan ne kuma bai daɗe ba.

Harsashin da ba a san mai shi ba

Daga wajen 2011 satar shanu da rikicin manoma da makiyaya a Zamfara suka rikiɗe suka zama abin da kowa ya sani. A shekarar ce kuma gwamnatin Libiya ta faɗi, makamai suka bazu a ƙasashen Sahel. Bindigar da ta shigo dazukanmu, irin su na Bagega da Gando, AK-47 ce, mai ɗaukar harsashi 30 a gida ɗaya. Harsashinta a rufe yake zuwa daga masana'antar wata ƙasa, ya bi ta hannun dillalai, a biya da kuɗin fansa ko shanu ko zinariya. Maƙerin gari bai san ta ba, sarkin baka bai san ta ba, babu tsohon da zai dubi mai saye ya ce babu. Yaron da bai taɓa koyon haƙurin ɗuri ba yana iya koyon harba ta a yini ɗaya.

Mutanen ƙauye suka sauko da adakar kakanni, maƙera suka koma ƙira gadan-gadan, aka kafa 'yan sa-kai. Gaskiya ɗaya ce, 'yan sa-kai sun kare garuruwa, sun kuma yi ta'adi, an kashe Fulani da yawa a kasuwanni da hanyoyi ba tare da shari'a ba, wannan kuwa ya ƙara wa wutar itace. Ko adakar ma ta fita daga hannun tsarin da ya san ta. A farkon Janairu na 2022 aka far wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 suka mutu, mazauna wurin suka ce sun kai 200. Abin da ya faru a bayan ganuwar Sakkwato cikin 1903 ya sake faruwa: mai ɗuri ɗaya a gaban mai ruwan harsashi. Cikin Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta kai ga kiran jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, cikin Janairu na 2024 kuma aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara.

Kammalawa

A taƙaice, abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, a zamanin su kaka jinkirin ɗuri da tsadarsa da yawan idanun da ke kansa su suka riƙe bindiga. Da harsashi ya zama abin da ake sayowa a buhu daga inda ba a sani ba, sai wannan linzami ya tsinke, kalmar ɗan bindiga ta bar fada ta shiga daji. Ba ina kiran a koma haɗa albarushi a zaure ba ne, yatsun abokin kawu da yaran Dareta sun ishe mu wa'azi. Abin da nake cewa shi ne duk mai neman maganin wannan masifa ya bi sawun harsashi, wa ya kawo, wa ya sayar, wa ya gani ya yi shiru, kamar yadda mai gari da sarkin baka suka san nasu.

Ku kuma 'yan'uwana ɗaliban Hausa, akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Tsofaffin maharba da maƙera da 'yan bindigar fada suna ƙarewa, da yawansu kuma suna gudun hijira a Anka da Gummi da Gusau. Kirarinsu da sunayen kayan aikinsu da dokokinsu na shiga daji za su tafi tare da su in ba a rubuta ba. Wanda duk zai yi kundin kammala digiri, ga fage. Ni dai ƙahon albarushin kakana yana wurina, babu komai a cikinsa, littafin kawu kuwa gara ta cinye shi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kawo wa ƙasar Zamfara zaman lafiya, amin.